Yadda ake saita manhaja ta koma uwar garke ta biyu da kanta idan ta farko ta faɗi

Tambayar da aka aiko ita ce: "Muna da uwar garke biyu masu Rocky Linux 9, da faifan ajiya guda da dukkansu ke gani ta iSCSI. Manhajarmu ta karɓar kuɗi, wadda aka rubuta da Java, tana gudana a kan ɗaya kawai. Muna so idan wannan ta faɗi, ɗayar ta karɓi aiki ba sai an tashi mutum cikin dare ba. Mun girka Pacemaker amma ya ƙi tayar da komai, sai wani ya ce mu sa stonith-enabled=false. Yaya ya kamata a saita manhajar?"

Malam, kafin komai, kada ka bi wannan shawarar. Pacemaker bai lalace ba. Ya ƙi tayar da manhajar ne saboda ba ka ba shi hanyar da zai tabbatar cewa na'urar da ta yi shiru ta mutu da gaske ba. Tayar da manhaja a na'ura ta biyu shi ne mafi sauƙi a wannan aiki gaba ɗaya. Wahalar tana wuri biyu: gungun, wato na'urorin biyu da ke aiki tare, ya san gaskiyar halin da manhajar ke ciki, kuma kada a taɓa samun na'ura biyu suna rubutu a faifai ɗaya a lokaci guda.

Kayan aikin hawa biyu ne. Corosync shi ke ƙasa, aikinsa sanin wace na'ura ke cikin gungun, wacce ta fita. Pacemaker yana samansa, shi ke yanke hukuncin inda kowace hidima za ta zauna. Umarnin pcs kuma shi ne bakin da kake magana da su a dangin Red Hat, wanda Rocky Linux ke ciki. Zan kira na'urorinka garke1 da garke2. Ka sa sunayen biyu a /etc/hosts na kowace, kada gungun ya dogara da DNS ɗin da shi ma zai iya faɗuwa. Ka daidaita agogonsu da chrony. Ka ba hacluster, mai amfanin da gungun ke aiki da shi, kalmar sirri iri ɗaya, ka tayar da pcsd, hidimar da pcs ke bi ta kanta tsakanin na'urorin, ka buɗe katangar tsaro da firewall-cmd --permanent --add-service=high-availability, wadda ke buɗe TCP 2224 na pcsd da ƙofofin UDP na Corosync da sauransu. Tunda kun riga kun girka, wannan ɓangaren tabbatarwa kawai za ka yi.

Abu ɗaya da ake yawan tsallakewa a nan shi ne hanyar sadarwar Corosync. Idan waya ɗaya ce, kuma ita ce ke ɗaukar kwafin ajiyar dare, to wata rana da ƙarfe biyun dare za ta cushe, saƙon Corosync ya makara, kowace na'ura ta ɗauka 'yar'uwarta ta mutu. Corosync 3 yana karɓar hanyoyi har takwas. Biyu sun isa, amma su bi ta suwic daban, ko ɗaya ta zama waya kai tsaye tsakanin na'urorin biyu. Ana bayyana su tun wajen kafa gungun:

pcs cluster setup gungu garke1 addr=192.168.10.11 addr=10.10.10.1 garke2 addr=192.168.10.12 addr=10.10.10.2

Yanzu maganar rabuwar kai. Gungu yana aiki da rinjayen ƙuri'a: na'ura uku, biyu sun yi rinjaye, wadda ta ware ita kaɗai ta ajiye aiki. A na'ura biyu babu rinjaye, rabi da rabi ne. Saboda haka pcs yake sa two_node: 1 a corosync.conf, wato kowace na'ura tana da izinin ci gaba ita kaɗai. Ka duba abin da hakan ke nufi. Wayar tsakani ta tsinke, garke1 tana nan da ranta tana rubutu a faifan, garke2 kuma ta daina jin ta. Daga inda garke2 take, babu bambanci tsakanin na'urar da ta ƙone da wadda wayarta kawai ta fita. Shiru duk shiru ne. Idan ta ɗora faifan ta tayar da manhajar, an samu sarki biyu a gari ɗaya. Tsarin fayil irin su XFS da ext4 ba a gina su don na'ura biyu su ɗora su tare ba; kowace tana riƙe da nata lissafin guraben da babu komai a ƙwaƙwalwarta, sai su riƙa rubutu a kan na juna. Ba a ganin ɓarnar nan take. Sai bayan kwanaki a tarar da fayilolin da ba sa buɗuwa, kuma kwafin ajiyar da aka ɗauka a tsakanin shi ma ya kwashi ɓarnar.

Maganin shi ne katangewa, wanda Pacemaker ke kira STONITH, wato abin da stonith-enabled=false ke kashewa. Kafin garke2 ta taɓa komai, sai ta kashe wutar garke1 ta wata hanya da ba ta bi ta tsarin aikin garke1 ba, ta kuma samu tabbacin an kashe. A uwar garke ta gaske hanyar da aka fi bi ita ce katin kula da na'ura daga nesa, iDRAC a Dell, iLO a HPE, ta yarjejeniyar IPMI:

pcs stonith create kashe_garke1 fence_ipmilan ip=10.0.9.11 username=katanga password=SIRRI lanplus=1 pcmk_host_list=garke1 pcmk_delay_base=10s

pcs stonith create kashe_garke2 fence_ipmilan ip=10.0.9.12 username=katanga password=SIRRI lanplus=1 pcmk_host_list=garke2

Jinkirin daƙiƙa 10 ɗin da ke kan na farko kaɗai da gangan aka sa shi. Idan waya ta tsinke, kowace za ta zaburo ta kashe ɗayar, kuma ana iya samun su kashe juna lokaci guda, a wayi gari babu ko ɗaya. Jinkirin yana kan na'urar da za a kashe, don haka wanda aka sa wa kashe_garke1 yana nufin garke1 ce za ta tsira. Sababbin Pacemaker suna da priority-fencing-delay, wanda ke ba da wannan rangwamen ga na'urar da ke ɗauke da aikin a lokacin, kuma ya fi dacewa tunda aikin yawo yake yi.

Akwai ramin da IPMI ke da shi wanda ya shafe mu ƙwarai, mu da muke aiki inda ake ɗauke wuta kamar wasa. Katin iDRAC ko iLO yana shan wuta ne daga jikin na'urar da yake kulawa. Idan wutar garke1 ta ɗauke ɗungurungum, katin ma ya mutu. Garke2 za ta aika umarnin kashewa, babu amsa, kuma Pacemaker ba ya ɗaukar rashin amsa a matsayin tabbaci. Zai yi ta maimaitawa, manhajar kuma tana ƙasa, alhali ainihin abin da aka sayi na'ura ta biyu dominsa ke nan. Don haka kowace na'ura ta kasance da wayar wuta biyu a kan UPS daban-daban, sannan a ƙara mataki na biyu na katangewa da pcs stonith level add. Tunda kuna da faifan haɗin gwiwa, SBD ya dace da ku: a yanki ɗan ƙaramin faifai na musamman, megabait 10 ya isa, kowace na'ura tana leƙa shi. Mai son kashewa ya rubuta saƙon mutuwa a gurbin ɗayar. Idan tana raye ta karanta ta kashe kanta, idan ta maƙale agogon tsaro na cikin na'urar, wanda ake gani a /dev/watchdog, ya sake kunna ta da ƙarfi. Bayan wa'adin msgwait, wato lokacin da ake jira bayan rubuta saƙon, ya cika, gungun yana da hujjar ci gaba. A sa msgwait ya kai aƙalla ninki biyu na wa'adin agogon tsaron, kuma agogon ya zama na jikin na'ura, ba softdog ba, domin softdog manhaja ce da ke cikin ƙwayar tsarin (kernel) da ake tsoron ta maƙale.

Idan akwai wata ƙaramar kwamfuta ta uku a wani ɗaki, a girka mata corosync-qnetd ta zama mai raba gardama ta TCP 5403. Ba ta ɗaukar manhaja, ƙuri'a kawai take jefawa. Ba ta maye gurbin katangewa, amma tana rage kashe-kashen banza.

Sai manhajar kanta, inda mafi yawan aikin yake. Ƙa'idar farko: daga yau manhajar tana da maigida ɗaya, Pacemaker. A yi systemctl disable a na'urorin biyu, kada ta tashi da kanta idan an kunna na'ura. A cire faifan haɗin gwiwa daga /etc/fstab. A cire adireshin IP na hidimar daga saitin katin sadarwa. Duk abin da aka bari yana tashi da kansa, ranar da garke1 ta farfaɗo bayan an kashe ta zai tashi alhali garke2 tana kan aiki.

Na biyu, na'urorin su zama tagwaye a duk abin da manhajar ke taɓawa. Sigar Java ɗaya. Mai amfani da ke gudanar da manhajar ya zama da lambar UID da GID iri ɗaya, domin faifai lamba yake adanawa ba suna ba; idan mai amfanin, mu kira shi shago, 1001 ne a garke1 amma 1002 a garke2, bayan sauyawa manhajar za ta tarar an hana ta fayilolinta. Takardun shaidar TLS, dokokin katangar tsaro, alamun SELinux na babban fayil ɗin da ake ɗora faifan a kai, iyakar fayilolin da ake buɗewa, duk a duba. Lasisin da aka ɗaure da adireshin MAC ko sunan na'ura ma yana hana tashi a ta biyu, kuma ba a tuna shi sai ranar. Fayil ɗin saiti da bayanai su zauna a faifan haɗin gwiwa, amma fayil ɗin PID, mai riƙe da lambar manhajar a jerin masu gudana, ya zauna a /run na kowace na'ura. Idan ya bi faifan, garke2 za ta tarar da tsohuwar lamba daga garke1, kuma ana iya dacewa wata manhajar daban tana riƙe da wannan lambar a can.

Kada a manta da cron, mai gudanar da ayyuka bisa jadawali. Idan akwai aikin dare da ke tura saƙon kuɗi ko rufe lissafin rana, kuma aka kwafa shi a na'urorin biyu, zai gudana sau biyu. Idan aka bar shi a garke1 kaɗai, ba zai gudana ba ranar da aiki ya koma garke2. Mafi sauƙi shi ne layin farko na aikin ya duba ko faifan yana ɗore a nan, misali da mountpoint -q /srv/shago, idan ba ya nan ya fita shiru.

Hidimomin da za a kiwata huɗu ne, kuma jerinsu yana da muhimmanci: rukunin LVM (tsarin da ke yanka faifai kashi-kashi), tsarin fayil, adireshin IP mai yawo, sannan manhajar. Don LVM, a sa system_id_source = "uname" a /etc/lvm/lvm.conf na na'urorin biyu, yadda rukunin zai ɗauki sunan na'urar da ke riƙe da shi, ɗayar ta kasa kunna shi bisa kuskure. Kada a ƙirƙiri hidimomin kai tsaye a gungu mai rai, domin kowace za ta tashi nan take a inda Pacemaker ya ga dama, faifai a nan, adireshi a can. A yi aikin a kwafi, a tura gaba ɗaya:

pcs cluster cib aiki.xml

pcs -f aiki.xml resource create shago_lvm ocf:heartbeat:LVM-activate vgname=shago_vg vg_access_mode=system_id

pcs -f aiki.xml resource create shago_fs ocf:heartbeat:Filesystem device=/dev/shago_vg/shago_lv directory=/srv/shago fstype=xfs

pcs -f aiki.xml resource create shago_ip ocf:heartbeat:IPaddr2 ip=192.168.10.50 cidr_netmask=24

pcs -f aiki.xml resource create shago_app systemd:shago op monitor interval=15s timeout=60s op start timeout=180s op stop timeout=150s

pcs -f aiki.xml resource group add shago shago_lvm shago_fs shago_ip shago_app

pcs cluster cib-push aiki.xml --config

Rukunin hidimomin, wanda resource group add ya haɗa, yana ba da abu biyu a haɗe: duk mambobinsa suna zama a na'ura ɗaya, kuma suna tashi bi da bi daga farko zuwa ƙarshe, suna tsayawa daga ƙarshe zuwa farko. Adireshin yana gaban manhajar ne saboda manhajar da aka saita ta saurara a 192.168.10.50 ba za ta tashi ba idan adireshin bai iso ba. Da IPaddr2 ya ɗora adireshin, yakan yi shelar ARP don suwic da sauran kwamfutoci su san ya sauya gida. Wasu na'urorin tsaro suna toshe irin wannan shelar, sai a ga gungun ya ce komai lafiya amma masu amfani ba sa isa har sai tsohon bayanin ARP ya tsufa. A girgijen AWS ko Azure kuwa shelar ba ta aiki sam, akwai wakilai, wato rubutun kula da hidima, na daban don hakan.

Saitin da ke sama zai yi aiki, amma yana da rauni babba, kuma a nan nake so ka tsaya. Idan aka ce systemd:shago, duk abin da Pacemaker ke tambaya shi ne ko systemd, mai tayar da hidimomi a Linux, ya ce hidimar tana aiki. Systemd kuma abin da ya sani shi ne manhajar ba ta fita ba. Manhajar Java da ƙwaƙwalwarta ta cika, ko zarenta suka cije juna, ko haɗinta da rumbun bayanai ya ƙare, tana nan a jerin masu gudana, ba ta amsa kowa. Mutane suna layi, pcs status yana nuna Started. Haka kuma wajen tashi: da Type=simple, systemd yana cewa an tashi da zarar ya ƙaddamar da java, alhali manhajar na iya buƙatar minti guda kafin ta buɗe ƙofarta. Idan manhajar ta iya sanar da systemd cewa ta shirya, a yi amfani da Type=notify. Idan ba ta iya ba, kuma kuɗin mutane ne ke bi ta cikinta, ya fi a rubuta mata wakilin OCF nata.

Wakilin OCF rubutun umarni ne na bash da ake ajiyewa a ƙarƙashin /usr/lib/ocf/resource.d/, cikin babban fayil mai sunan da ka zaɓa, a na'urorin biyu. Dole ya amsa start, stop, monitor da meta-data. Pacemaker ba ya karanta abin da ya rubuta a allo, lambar fita kawai yake ji, don haka lambobin su ne harshen. 0 na nufin lafiya. 7 na nufin ba ta gudana, kuma tsaf take a tsaye. 1 na nufin ta samu matsala, a gwada sake tayarwa. 5 na nufin abin da ake buƙata ba a girke yake a wannan na'urar ba, sai a hana hidimar zama a nan. 6 na nufin saitin kansa ne ba daidai ba, sai a tsayar da ita a ko'ina, domin kai ta wata na'ura ba zai gyara ba.

Kuskuren da ya fi yawa yana tsakanin 1 da 7. Duk lokacin da na'ura ta shiga gungu, Pacemaker yana gudanar da monitor sau ɗaya a kanta don ya ga ko hidimar tana can. A na'urar da ke jira, amsar da ta dace ita ce 7. Idan wakilin ya dawo da 1 saboda curl, umarnin da ke aika wa manhajar tambaya, ya kasa samun kowa, gungun zai ɗauka akwai gawar manhaja a can da ke buƙatar sharewa. Idan ya dawo da 5 saboda fayil ɗin jar yana faifan da ba a ɗora ba tukuna, an haramta wa hidimar wannan na'urar, kuma ba za ka lura ba sai ranar da ake buƙatarta. Aikin ocf_is_probe ke nan, ya gaya wa wakilin cewa wannan leƙen farko ne. Idan kuwa ya dawo da 0 a na'urorin biyu, misali saboda yana neman kalmar java a jerin masu gudana kuma wata manhajar Java tana can, gungun zai ga hidima a wuri biyu, ya tsayar da duka ya sake tayar da ɗaya.

Monitor mai kyau mataki biyu ne. Ya duba ko manhajar tana gudana. Idan ba ta, 7. Idan tana, ya aika mata tambaya ta gaske, kamar curl --max-time 10 zuwa shafin lafiyarta, wanda shi kuma ke taɓa rumbun bayanai da ƙaramar tambaya. Idan ba amsa, 1. Wa'adin curl ya zama ƙasa da wa'adin monitor sosai, don wakilin ya samu damar faɗin abin da ya gani kafin a katse shi. Amma a yi hattara da zurfin tambayar. Idan shafin lafiyar yana duba har ƙofar banki ko ta kamfanin tura saƙo da ke waje, ranar da intanet ta yanke gungun zai yi ta jigilar manhaja lafiyayya daga wannan na'ura zuwa waccan, kuma babu inda za ta warke. A duba abin da sauya na'ura zai iya gyarawa kawai.

Start kada ya dawo sai manhajar ta fara amsawa: ya tayar, ya yi ta kiran monitor duk daƙiƙa biyu har ya samu 0, ya bar Pacemaker ya katse shi idan wa'adi ya cika. Idan aka kira shi alhali tana gudana, ya dawo da 0. Stop kuma shi ne mafi haɗari a cikinsu. Idan aka kira shi kan abin da ya riga ya tsaya, 0 zai dawo da shi, ba 7 ba. Ya aika SIGTERM, saƙon tsayawa cikin lumana, ya jira, idan ta ƙi ya aika SIGKILL, na kashewa da ƙarfi, kafin wa'adinsa ya ƙare, ya tabbatar ta fita. Dalili kuwa, a wurin Pacemaker gazawar tsayarwa na nufin ba a san halin da hidimar ke ciki ba, kuma hukuncin asali shi ne a kashe na'urar gaba ɗaya. Na'urori da yawa da ake cewa gungu ya kashe su haka kawai, idan aka bi kundin, wa'adin stop ne ya yi gajere. Wa'adin asali na Pacemaker, inda ba a faɗi wani ba, daƙiƙa 20 ne. Systemd kuma yana jiran daƙiƙa 90 kafin ya kashe hidimar da ta ƙi tsayawa, don haka idan ta systemd kake bi, wa'adin stop na gungun dole ya zarce TimeoutStopSec. Shi ya sa na sa 150 a sama. Kafin ka miƙa wakilin ga gungu, ka gwada shi da ocf-tester, sannan, bayan ka bayyana hidimar a gungun, da pcs resource debug-start.

Tsarin fayil ma yana gaza tsayawa idan wani ya shiga /srv/shago ta SSH ya bar taga a buɗe, ko manhajar ɗaukar kwafi tana karatu. Wakilin Filesystem yakan kashe masu riƙe da shi kafin ya sauke, amma hakan yana cin lokaci, a ba shi wa'adi mai yalwa.

Sauran saitin na hali ne, wato me za a yi idan an gaza. Idan monitor ya gaza, Pacemaker yana sake tayar da hidimar a inda take, kuma bisa asali zai yi ta yin haka ba iyaka. A sa masa iyaka:

pcs resource meta shago_app migration-threshold=3 failure-timeout=600s

Gazawa uku, sai rukunin ya koma ɗaya na'urar. Idan minti goma suka wuce ba sabuwar gazawa, a goge lissafin. Ba tare da failure-timeout ba, gazawa ɗaya a Janairu, ɗaya a Mayu, ɗaya a Agusta za su taru su kori hidimar, kuma na'urar ta zauna a haramce har sai mutum ya yi pcs resource cleanup. Gazawar start daban take: sau ɗaya ta isa a bar na'urar, saboda start-failure-is-fatal a kunne yake tun asali. Sannan a hana komawa gida ba dalili:

pcs resource defaults update resource-stickiness=100

In ba haka ba, garke1 tana farfaɗowa aikin na iya tattarawa ya koma, a sake yanke wa mutane hidima karo na biyu, wataƙila zuwa na'urar da ba a gano ciwonta ba. A rukuni makin yana taruwa, mambobi huɗu 400 ke nan, don haka duk fifikon wuri da ka sa ya zama ƙasa da hakan. Wani tarko kuma: a tsofaffin sigogin pcs, umarnin pcs resource move yana barin dokar hani a baya, wadda ke hana hidimar komawa na'urar da ta baro har sai an yi pcs resource clear. Sigar da ke Rocky 9 tana share ta da kanta, amma ka saba duba pcs constraint bayan kowane motsi.

Ka gaya wa masu gidan gaskiyar abin da za su samu. Wannan tsari ba ya hana yankewa, gajarta ta yake yi. Lissafin a jere yake: Corosync ya lura da shirun, wanda a sigogin yanzu wa'adinsa na asali daƙiƙa 3 ne, sai 'yan daƙiƙu na sake haɗa mambobi, sai kashe ɗayar, da jinkirin da ka sa idan ya shafe ta, sai XFS ya maimaita kundinsa, sai lokacin tashin manhajar, wanda galibi shi ne mafi tsawo. Minti ɗaya zuwa uku abu ne da aka saba gani ga manhajar Java. Shekara awa 8,760 ce. Alkawarin kashi 99.9 ya ba ka kusan awa 8 da minti 46 na yankewa, kashi 99.99 kuma kusan minti 53 kacal, har da lokacin sabunta manhaja. Kada ka rage wa'adin Corosync don neman sauri. A na'urorin da ke kan VMware, ɗaukar hoton na'ura ko matsar da ita yana daskarar da ita na ɗan lokaci, kuma gajeren wa'adi zai sa a kashe lafiyayya.

Duk haɗin TCP da ke buɗe zai tsinke a lokacin sauyawa, kuma duk abin da ke ƙwaƙwalwar manhajar ya tafi, har da zaman waɗanda suka shiga, sai dai idan a rumbun bayanai ake ajiye shi. Ga manhajar kuɗi, abin da ya fi wannan nauyi shi ne cinikin da aka yanke a tsakiya: mai biya ya danna, an cire kuɗi, amsa ba ta dawo ba, ya sake dannawa. Gungu ba ya maganin wannan. Kowane ciniki ya zo da lamba tasa ta musamman, rumbun ya ƙi karɓar lamba ɗaya sau biyu. Idan rumbun PostgreSQL ne a kan waɗannan na'urorin, a sa shi cikin rukunin kafin manhajar da ocf:heartbeat:pgsql, bayanansa a faifan haɗin gwiwa. Ka kuma sani cewa faifan nan guda ɗaya ne; idan akwatin iSCSI ya faɗi, na'urorin biyu zama za su yi suna kallon juna. Aƙalla a sa hanya biyu zuwa gare shi da multipath, kuma kwafin ajiya yana nan a matsayinsa, domin fayil ɗin da aka goge bisa kuskure a goge yake a kowace na'ura.

Gwaji kuwa a yi shi da rana, kowa yana wurin, kafin a saki ga jama'a. A fara da mai sauƙi, pcs node standby garke1, a ga rukunin ya koma, a dawo da unstandby. A kashe manhajar da kill -9 a ga an tayar da ita. A daskarar da ita da kill -STOP, wanda shi ne zai nuna ko monitor ɗinka na gaske ne, domin tana nan a jeri amma ba ta amsawa. A gwada pcs stonith fence garke2, sannan ta ɗaya ɓangaren. A rushe ƙwayar tsarin da echo c > /proc/sysrq-trigger. A zare wayoyin Corosync duka biyu a ga wa ya tsira. Daga ƙarshe a zare wayoyin wutar na'urar da ke kan aiki gaba ɗaya, wanda shi ne gwajin da ke tona asirin IPMI. A kowanne a riƙe agogo, a rubuta daƙiƙun da aka yi, a buɗe crm_mon a wata taga, a karanta /var/log/pacemaker/pacemaker.log don ganin dalilin kowane hukunci. Bayan an kashe na'urorin biyu kuma aka kunna ɗaya kaɗai, za ka ga ta ƙi tayar da komai: two_node yana kunna wait_for_all, wato sai ta ga 'yar'uwarta sau ɗaya tukuna. Ba lalacewa ba ce, amma masu aikin dare su san da ita, musamman inda janareto kan makara har UPS ya ƙare.

Ranar sabunta manhajar kuma, kada wani ya yi systemctl stop kai tsaye, domin gungun zai ɗauka faɗuwa ce ya tayar da ita a tsakiyar aikinku. A sa pcs property set maintenance-mode=true, a yi aikin, a tabbatar an sabunta na'urorin biyu, a mayar da shi false, sannan a matsar da rukunin zuwa ɗayar sau ɗaya don a ga sabuwar sigar tana tashi a can ma.